Falle Bakwai Daga Adakar Kawu

Ni tela ne a Gumel. In ka cire karatun allo da na yi ina ƙarami, kusan duk abin da na karanta a duniya daga hannun kawuna ya fito, wan mahaifiyata, manomi a Ɗanzomo. Allah ya yi masa rahama. Shi ya koya mini rubuta Hausa da ajami, shi kuma ya tilasta mini koyon boko bayan na yi gemu, wai kada in zauna da ido ɗaya alhali biyu aka ba ni.

A ɗakinsa na kusa da zaure akwai wata shuɗiyar adaka ta ƙarfe. A kan bulo huɗu take, kowane bulo an zagaye shi da toka saboda gara. Gindinta ya yi tsatsa tun ina saurayi. Duk safiya kafin ya fita gona sai ya durƙusa ya duba tokar, ya duba bango, in ya ga gara ta ja hanya ya kankare da bayan wuƙa. Washegari ta sake ja.

Kawu ba ya ba mutum littafin da ya roƙa. Sai ya zaunar da kai, an kawo fura kun sha, ya tambayi iyali da kasuwa, sannan ya buɗe adaka ya zaɓa maka da kansa. Shekarar da muka yi rigimar iyakar gona da ƙanena, na je da niyyar ya ba ni littafin fiƙihu in samo hujja. Ya miƙo mini tarihin tsofaffin birane, waɗanda ganuwarsu ta zube har ana shuka gero a inda fada take.

"Kawu, hukunci nake nema," na ce.

"Karanta wannan tukuna. In ka gama kana son taku biyun nan na gona, ka dawo in ba ka hukuncin."

Ban koma neman hukuncin ba.

Akwai kuma lokacin da na kama waƙoƙin wa'azi na ajami ba ji ba gani, masu zancen kabari da hisabi, har na zama ba a iya dariya a gabana. Matata ce ta kai ƙarata, ina zato, don da na je ban ce komai ba ya zura hannu can ƙasan adaka ya zaro wani ɗan littafin soyayya mai hoton fure a bango. Wata mata ce ta rubuta shi, a kasuwar Alhamis ta Maigatari ya saya.

"Allah gafarta malam, kai ma?"

"Sau biyu na karanta. Yarinyar ta fi yaron hankali. Ka je ka ga yadda ake yi wa mace magana, tunda a wa'azin ba ka tsinto ba."

Haka yake yi. Ya ce fiƙihu a karanta kaɗan kullum da safe, kafin ciki ya cika. Littafin lissafin taurari, wanda ke nuna shigowar damina da fitarta, a ɗauko shi in zafin bazara ya tsananta. Labarin ɗan sanda mai bin sawun ɓarayi na mai jinya ne, don ya manta da jikinsa. Ya taɓa ɗora mini wani ɗan littafi na malaman gona kan cututtukan tumaki, na ce ni da ba ni da garke. Ya ce rago ɗaya da nake ɗaurewa duk shekara shi ma yana da haƙƙi a kaina. Har da wani na Faransanci da ya zo da shi daga Damagaram, ko kalma ɗaya ba ya ganewa a ciki, amma akwai taswirar ƙasashe, ya ce mutum ya riƙa dubawa yana ganin ƙanƙantar garinsu. Na fassarar mafarki ne kawai ya ce in rabu da shi. Wai mai tsoro in ya karanta shi ba zai ƙara samun barci mai daɗi ba, ni kuma ya san ni.

Littattafan da aka buga da inji yakan ba da su ɗungurum. Na rubutun hannu kuwa doka gare su. Ba a ɗinke suke ba, fallaye ne a jere tsakanin bangon fata biyu, an ɗaure da tsirkiyar fata. A gindin kowane falle marubuci yakan sa kalmar da falle na gaba zai fara da ita, don in sun tarwatse a iya jera su. Waɗannan Kawu falle bakwai yake bayarwa. Sai ka dawo da bakwai ka karɓi bakwai.

"Wanda ka ba littafi duka, ka yi sallama da shi da littafin," in ji shi. "Mai falle bakwai kuwa dole ya dawo ya gaishe ni."

A shekararsa ta ƙarshe, kafin azumi, na je na same shi ya rame. Tari yake yi irin wanda ke fitowa daga can ƙasan ƙirji. Na lura da tokar ƙarƙashin adaka ta tsufa, kaji sun tone ta, a bango kuma gara ta ja hanya har tsayin gwiwa ba wanda ya kankare. Na cire almakashina na kankare. Yana kallona. Da na gama ya ce in buɗe adakar da kaina, abin da bai taɓa bari ba, in ɗauko wani ƙunshi mai jan bango daga kusurwar dama.

"Rubutun babanmu ne, kakanka. Shekara nawa kana zuwa ban nuna maka ba. Yanzu ka isa."

Tawadar gawayi da ƙaro ce, ta koma ruwan ƙasa. Baƙaƙen kakana ƙanana ne, a matse, kamar mai tsoron takarda za ta ƙare. Na ƙirga bakwai na farko, na mayar da sauran.

Labarin wata shekarar yunwa ne. Kakana ya faɗi yadda ruwa ya ɗauke gero yana bununi, yadda aka cinye iri, yadda ya tashi da matarsa da 'ya'ya uku suka yi arewa a ƙafa. Babban yaron shi ne Kawu. Mai bi masa mahaifiyata. Ta ukun jaririya ce a goye.

Nan na ajiye fallen. Mu dai mun taso mun san su biyu ne. Sau ɗaya tak, tana tsefe wa ƙanwata kai, na ji mahaifiyata ta ce tana da ƙanwa da ba ta san inda take ba, sai ta canza magana. Ta rasu ban ƙara jin zancen ba, ni kuma ban tambaya ba.

Na yi ta zirga-zirga tsakanin Gumel da Ɗanzomo, bakwai bayan bakwai. Kakana ba mai gaggawa ba ne. Sai ya cinye falle biyu yana kwatanta wata rijiya da zurfinta da irin gugan da ake ja, ko ganyen da suka dafa suka ci da abin da ya yi wa cikinsu. A karo na uku na kasa haƙuri.

"Kawu, jaririyar nan, me ya same ta?"

"Yana nan a gaba."

"Ai ka sani. Faɗa mini kawai."

"Babanmu ya faɗa da bakinsa, ya jera shi yadda yake so a ji. Ni ba zan riga shi ba." Tari ya sarƙe shi, ya daɗe kafin ya sake shi. "Karanta da kanka. Saura bakwai uku."

A wannan zuwan ne na haɗu da babban ɗansa, taubashina. Dillalin dabbobi ne a Maigatari, sa'ana ne, tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Ya shigo zaure riƙe da wani guntun takarda da ya tsinta a bakin turken awaki. Ɓera ne ya jawo shi. Ya hure ƙasar, ya sumbace shi, ya cusa a tsagin bango can sama.

"Bawana, kai ne a garin? An gama yi wa mutane ƙaryar gobe ka zo?"

"Gara ni, gobena tana zuwa. Kai da ke rantse wa mutane tsohuwar tunkiya budurwa ce fa?"

Ya yi dariya, sannan ya nuna ɗakin adaka da haɓa. Ya rage murya, ko da yake Kawu ya riga ya daina jin magana in ba an ɗaga murya ba.

"Takardun nan za su ja mana zunubi. Wannan na uku ke nan da na tsinta cikin kashin awaki. Sunan Allah a ƙasa, yara na takawa. Ranar da aka bar mini su, rami zan haƙa in rufa musu asiri."

"Ka haɗa da kanka a ramin, ƙasa ta huta," na ce.

Muka yi dariya. Maganar taubashi ba a ɗaukarta a zuba a aljihu. Shekara hamsin yana cewa zai sayar da ni a kasuwar raƙuma. Ban tsaya na lura ba cewa wannan karon bai kalle ni ba da yake faɗa, bango yake kallo. Shi mutum ne mai ibada, yana karatunsa da kyau, amma Hausa cikin tsohon rubutun ajami ba ya iya fitar da ita. A idonsa duk takardar da ke da waɗannan baƙaƙe aya ce ko addu'a.

Bakwai na huɗu na karɓa saura wata guda da 'yan kwanaki Babbar Sallah. Na karance su a rana ɗaya. A cikinsu nonon kakata ya ƙafe. Suka iske wata rugar Fulani kusa da wata rijiya bayan sun ƙetare iyaka, masu 'yan shanu da suka rage suna tatsa. Wata mata a rugar ta karɓi jaririyar ta ba ta madara da ludayi. Suka kwana uku. A falle na bakwai kakana yana faɗin yadda mai rugar ya kira shi gefe, suka zauna ƙarƙashin wata aduwa, mutumin ya ce yana da magana. Shafi ya ƙare. A gindinsa, can gefen hagu, kalma ɗaya: yarinyar.

Da na tashi washegari na tafi, da yanzu ba wannan nake rubutawa ba. Amma ɗinkin Sallah ya taso. Yaduka sun kai rufin shago, kowa na son nasa jiya. Na sa fallayen cikin wata leda, na cusa a akwatin keken ɗinki, na ce Juma'a. Juma'a ta zo na ce ta sama. Wani direban Ɗanzomo ya tsaya a ƙofar shagona ya ce tsoho yana tambaya ko tela ya manta hanya. Na ce a gaishe shi, bayan Sallah ina tafe. Kwana goma bayan haka direban ya sake tsayawa. Wannan karon bai kashe mota ba. Ya ce tsoho ya daina fitowa zaure. Na ce in Allah ya so jibi.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas kowane yammaci yana watsewa. Iska mai ɗumi tana kaɗa yadukan da na rataye. Duk sanda na jawo akwatin keke neman zare sai in ga bakin ledar, in tura shi da sauri.

Kwana biyu bayan Sallah, da hantsi, taubashina ya kira ni a waya. Bai ce bawana ba. Sunana ya kira.

Na isa an gama wanka. Muka sallace shi, muka kai shi, muka dawo muka zauna a ƙofar gida. Fallaye bakwai suna aljihun rigata ta ciki, na ɗauko su ban ma san dalili ba. Daga inda nake zaune ina hango ƙofar ɗakin adaka, an ja ta an sa kwaɗo.

Kwana uku na yi a zaman makoki, kuma kowace rana maganar tana zuwa har bakina. Abin da ya hana ni kowa a ƙasarmu ya san shi. Ni ɗan mace ne, ba ni da gado a gidan nan. Ɗan 'yar'uwa ya buɗe baki ya tambayi kayan mamaci tun ƙasar kabari ba ta bushe ba, ga surukai, ga mutanen Gagarawa da na Sule Tankarkar da suka zo gaisuwa, me za a ce? Za a ce dama abin da ke kawo shi ke nan. Taubashina yana gefena, idonsa ja, yana amsa gaisuwa. Sau ɗaya na taɓa gwiwarsa, ya juyo, na ce, "Allah ya ba mu haƙuri." Ya ce amin. Aka yi addu'ar uku na koma Gumel, na ce a raina ranar bakwai, in mutane sun ragu, zan ja shi gefe.

A kwana na huɗu ruwa ya sauka. Ruwan shuka ne sosai, tun azahar har la'asar sakaliya. A na shida ya ƙara. Mutane suna ta hamdala, ni ma na yi, amma ina zaune a kan keke ƙafata ta ƙi taka shi.

Ranar bakwai na tarar da ƙofar ɗakin a buɗe, an share shi tas. Adakar tana tsakar gida a kife, ana shanya ta. Gindinta ya huje wuri uku. A kan tabarma an jera littattafan inji kashi-kashi, na tarihi, na tumaki, mai taswira, har da mai hoton fure. Na duba ban ga bangon fata ko ɗaya ba.

"Ina na rubutun hannu?" na tambayi taubashina.

"Na sauke wannan nauyin, alhamdu lillahi. Da muka buɗe, gara ta shiga ta ƙasa, ta ci na gindin. Na ce kafin sauran su watse a gari, gara a mutunta su. Na sa a buhu mai tsabta, na kai gefen gonar Baba inda ba a takawa."

"Yaushe?"

"Washegarin uku, da safe. Ko awa biyar ba a yi ba ruwa ya sauka. Na ce ka ga albarkar abin."

Na zaro ledar daga aljihu. Shi ya karɓa ya kwance. Na ce ya zauna. A nan tsakar gida, kusa da adakar da ke kife, na karanta masa falle bakwai daga farko har ƙarshe. Da na kai inda matar rugar ke ɗura wa jaririya madara, ya ɗago.

"Wannan ai Hausa ce."

"Hausa ce. Kakanmu ne. Jaririyar gwaggonka ce."

"Ina da wata gwaggo?"

"Abin da nake son sani ke nan. Yana cikin sha huɗun da suka rage."

Ya miƙe ya ɗauki fartanya biyu a bayan rumbu ya miƙo mini ɗaya.

Gonar ba nisa. An riga an shuka ta, gero ya fara tsaga ƙasa. Ramin yana ƙarƙashin wata bishiyar kargo a gefe, inda ruwan gonar duka ke gangarowa ya kwanta. Ya zaɓi wurin ne don ba hanya ba ce. Muka haƙa, rairayi jiƙe sharkaf, bai kai kamu biyu ba muka taɓa buhun. Da muka ɗago shi baƙin ruwa ya zubo ta ƙasa ya bi mana ƙafa.

Tawadar gawayi da ƙaro ba ta jure ruwa. Don a wanke ta aka yi ta. Na gane jan bangon, na kwance tsirkiyar a hankali. Fallayen sun manne sun zama curi ɗaya kamar ƙullin dawo. Na sa farce na ɓamɓaro na sama, ya biyo hannuna a narke. Na tsakiya da suka fi tsira, fari ne da toka-toka, kamar ba a taɓa sa musu alƙalami ba. Muka shimfiɗa su a kan rigata a rana, muka zauna muna jira, ko da baƙi ɗaya zai fito in sun bushe. Suka bushe, suka nannaɗe, ba abin da ya fito.

"Na faɗa maka fa," in ji taubashina can, ba da faɗa ba. "A zaure na faɗa maka."

"Ka faɗa."

"Me ya sa ba ka ce mini labari ne ba? Kwana uku kana gefena."

"Kunya."

Ya daɗe yana murza ƙasa a tafin hannunsa.

"Ni ma na so in tambaye ka kafin in rufe. Na ce kada ka ga kamar ina korarka daga kayan Baba."

Muka mayar da abin da ya rage cikin ramin, muka rufe, muka yi wa Kawu da kakanmu addu'a. A hanyar komawa na miƙa masa fallaye bakwai, na ce gadonsu ne. Ya ture hannuna. Ya ce zai gaya wa ƙannensa, ba wanda zai ce a'a, su zauna wurin mai iya karanta su.

Tun daga lokacin, duk Alhamis in Fulanin ƙetare suka kawo dabbobi Maigatari, yana tambayar tsofaffinsu ko sun taɓa jin wata Bahaushiya da ta tashi a ruga tun tana jaririya. Ba mu san sunan rijiyar ba, kakana bai kai ga faɗa ba. Ba mu san ko an bar yarinyar a can ba, ko an taho da ita ta rasu a hanya, ko an koma ɗaukarta ba a same su ba. Wasu su ce sun ji mai kama da haka, su kwatanta wani wuri, wani ya zo ya kwatanta wani daban.

Yanzu matasa kan tsaya a shagona su ce in gaya musu abin da za su karanta. Nakan zaunar da su in tambayi abin da ke damunsu, yadda aka yi mini. Mai rigima in ba shi tarihi, mai ɗaure fuska in ba shi labari, mai jinya in nemo masa ɗan sandan nan. Duka nake ba su, ba na rabawa, ko da ba za su dawo da shi ba.

Fallaye bakwai kuwa na fara juya su zuwa boko, don a cikin 'ya'yana ba mai karanta ajami. Ina yi a hankali, layi biyu ko uku tsakanin riga da riga. Shekaranjiya na jawo akwatin da suke ciki, na ga gara ta ja siririyar hanya a bangon bayan keke, ta kai tsayin tafin hannu. Na kankare da almakashi na zuba toka. Yau da safe na duba, ta sake ja. Ina kan falle na biyar.